Baba Fasto, yaya ake tsare zuciya ba tare da an kulle ta ba?

Zuwa ga Baba Fasto, mai amsa wasiƙun masu saurare,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina gajiya, ina iyali, yaya hidima? Mu malaman matasa ne na wata majami'a a Tahoua, mun kawo maka wata matsala da ta shafi koyarwarmu a kan Karin Magana 4:23, inda aka ce mutum ya kiyaye zuciyarsa fiye da kome, domin daga cikinta rai yake ɓuɓɓugowa.

Ga yadda muke koyarwa. Ayar ba ita kaɗai take tsaye ba. Daga aya ta 20 zuwa ta 27 an jera ƙofofin zuciya: kunne, baki, ido, ƙafa. Shi ya sa muke haɗa matasa biyu biyu, namiji da namiji, mace da mace, su zauna rabin awa kowace Asabar su tambayi juna: me ka saurara a wannan mako, me ka faɗa a kan wani, me ka kalla, ina ƙafarka ta kai ka? Sai su yi wa juna addu'a, bisa ga Yaƙubu 5:16. Kowa yana haddace aya ɗaya a mako, kuma salula ba ta kwana kusa da shimfiɗa bayan ƙarfe 10 na dare.

Littafin Karin Magana yana da sura 31, don haka mutane da yawa suna son karanta sura ɗaya kowace rana. Ba mu goyi bayan wannan ga sabon mai bi ba. Sura ta 1 zuwa ta 9 hira ce ta uba da ɗa, ana iya bin zarenta. Amma daga sura ta 10 gajerun maganganu ne, kusan kowace aya da nata batu, wanda ya kwashe su a zama ɗaya zai tashi bai riƙe ko ɗaya ba. Gara ayoyi uku, a maimaita da safe, a sake dubawa da dare. Wanda bai iya karatun boko ba, a sa masa karatun Hausa na murya a katin waya.

Tsarin yana aiki a kan ido da kunne. Yaro yakan bar cacar ƙwallo ta waya, ya rage TikTok, ya tashi daga fada, wato majalisar samari, idan hirar shayi ta koma gulma. Inda yake lalacewa shi ne abin da ya sa muka rubuto.

Na farko, riƙo a zuci. Wannan shi ya fi damunmu. Matashi zai amsa tambayoyin nan huɗu babu laifi ko ɗaya, alhali shekara biyu bai gaishe da kawunsa ba saboda rabon gona, ko kuwa har yanzu yana ɗauke da ɗacin ƙone-ƙonen majami'u na Janairun 2015 a Zinder da Yamai, ko da yake a bakin manya ya ji labarin. Tambayoyinmu ba sa kai wa can, domin abin ba daga waje yake shiga ba. Ubangiji da kansa ya faɗa a Markus 7:21-23 cewa daga ciki mugayen tunani suke fitowa. Kamar rijiya ce da aka gina wa baki mai kyau aka rufe, amma ruwan daga ƙasa yake fitowa da ɗaci. Muna koyar da Afisawa 4:26, kada rana ta faɗi kana cikin fushi, da matakan Matiyu 18:15-17: ka je kai kaɗai, in bai ji ba ka tafi da mutum ɗaya ko biyu, sannan a kai gaban ikilisiya. To amma a nan ƙaramin yaro ba ya tunkarar babba ya ce ka yi mini laifi, kuma sau da yawa wanda ya yi laifin ba mai bi ba ne, ikilisiya ba ta da iko a kansa. Wace hanya za mu nuna wa irin wannan yaro?

Na biyu, wasu sun mai da kiyaye zuciya ƙauracewa mutane. Mu 'yan kaɗan ne a gari, dangi da maƙwabta yawancinsu Musulmi ne, da su ake suna, da su ake biki da zaman makoki. Sai ka ga yarinya ta daina zuwa gidan gwaggonta tana kafa hujja da Karin Magana 13:20. A ganinmu wannan kuskure ne, ayar tana magana a kan abota da wawaye ne, ba a kan zumunci ba. Amma muna son ka faɗa mana inda iyakar take, da misalai, yadda ɗan shekara 16 zai gane.

Akwai kuma asiri. Idan abokin addu'a ya fasa maganar da aka ba shi amana sau ɗaya, duk ƙungiyar takan koma amsa da "lafiya lau". Ya kamata a canza abokin nan take, ko a fara zaunar da su biyun?

Sai 'yan bida. Da an gama girbi samarinmu suna kama hanyar Abijan, Libiya ko Aljeriya, wani wata shida, wani shekaru, babu majami'a kusa, babu mai tambayarsu. Saƙon murya ta WhatsApp kowane mako zai iya tsayawa a madadin zaman Asabar, ko kana da wata dabara da ta fi shi?

Muna roƙonka ka fi ba tambaya ta farko lokaci. Idan akwai tambaya ta biyar da za a ƙara a kan huɗun nan na zaman Asabar, wadda za ta taɓa riƙon zuci ba tare da ta kunyata yaro a gaban ɗan'uwansa ba, ka faɗa mana ita kalma bayan kalma, za mu rubuta.

Naka cikin Almasihu,
Malaman matasa, Tahoua