Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa Kan Masu Gashin Ƙashi A Gida

Mai girma Gwamna, ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Daga Daura nake rubuto maka, kan mahaifina da ire-irensa masu shanyewar ɓarin jiki.

Tun da ciwon ya kwantar da shi bara, duk mako biyu muke ɗaukar shatar mota zuwa Katsina wajen gashi, wato motsa gaɓoɓi a asibiti, tafiyar kusan kilomita 80. Likitar takan yi rabin awa da shi, ta nuna mana yadda zai riƙa ɗaga hannu, mu juyo. Sauran kwana 13 fa? Nan gizo ke saƙar. Baba zai zauna kan tabarma, ya ɗage kafaɗa, ya karkace, ya ce, "Ai na ɗaga." Mu ce madalla, alhali hannun yana nan inda yake. Mu ba likitoci ba ne, kuma wa zai ƙaryata mahaifinsa?

Akwai na'urar da ba ta jin wannan nauyin. A 2010 Microsoft ya fito da kyamarar Kinect don wasannin bidiyo. Tana bin gaɓoɓin mutum, ta zana shi a allo kamar ɗan tsanar kara, sai likitocin gashi a ƙasashen waje suka mayar da ita kayan aiki. Yau kyamarar waya ma tana yin haka. Abin nan da ke juya hoto in ka karkata wayarka kuwa, shi ma motsi yake ji. A ɗaura irinsa a damtse, zai ƙirga sau nawa aka ɗaga hannu, ya auna iya inda ya kai, likita ta duba daga ofis ta kira ta gyara.

Ba na roƙon a ba da kwangilar injuna su ƙare a sito, ƙura ta ci. Kuma na'ura ba za ta maye hannun likita ba, don haka a fara da ƙara ma'aikatan gashi. Sannan a gwada na'urar da majinyata kaɗan a asibiti a nan Daura, manhajar ta yi magana da Hausa, ta yi aiki ko babu intanet, a haɗa da ɗan sola. Zanen karan kawai za a tura, ban da hoto. In ba haka ba, iyayenmu mata ba za su yarda ba.

In za a gwada, a rubuta sunan Baba a farko. Ya ce ya yarda, muddin ba lokacin jin labaran rediyo ba ne.

Allah ya taimake ka.

Wani ɗan Daura