A fara lissafin gilashi kafin a sayi babbar kyamara

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana da 'yan'uwana masu sana'ar ɗaukar hoto, musamman matasan da na ga hankalinsu ya fara karkata ga kyamarorin nan masu babban sansa, wato farantin da haske ke sauka a kansa ya zama hoto. Tun da Hasselblad ya fito da X1D a shekarar 2016, Fujifilm kuma ya biyo baya da GFX 50S a 2017, farashin irin waɗannan kyamarori ya sauko, har ta kai wanda ya yi 'yan shekaru yana aikin biki zai iya tara kuɗin ta hannu. Abin da ke damuna shi ne yadda ake zuba dukan jari a jikin kyamarar, a manta cewa gilashinta, wanda muke kira lens a shago, shi ne ke yanke hukuncin abin da za ta iya gani.

Ni kaina na faɗa wannan rami. Na sayi GFX 50S ta hannu, kuɗina suka ƙare, sai na nemi adafta, wato zoben haɗi, na ɗaura mata tsohon gilashina na ƙaramar kyamara. A bikin farko da na je da ita, hoton dangin amarya ya fito da duhu a kusurwa huɗu, mutanen da ke gefe kuma fuskokinsu suka dusashe. Laifin nawa ne, domin ban yi lissafi ba. Sansar kyamarar da muka saba da ita milimita 36 ce da 24, ta GFX kuwa kusan 44 da 33, don haka da'irar hasken da ta isa ta rufe ƙarama, mai faɗin milimita 43, ba lallai ta rufe babba mai buƙatar 55 ba. Kyamarar tana da tsarin da zai yanke gefen hoton ya bar tsakiya, amma wanda ya yi haka ya zubar da abin da ya biya kuɗi dominsa. Idan aljihu ya yi rauni, tsofaffin gilasan Mamiya 645 ko Pentax 645 sun fi dacewa, saboda an ƙera su ne don fim mai faɗi, sai dai mutum zai riƙa saita su da hannu.

Lambobin da ke jikin gilashi ma ma'anarsu tana sauyawa a nan, kuma hanyar ganewa ita ce a ninka lambar da 0.79. Gilashin 63mm yana gani kamar 50mm da muka sani, 110mm kamar 87mm, shi kuma 32-64mm kamar 25 zuwa 51. A ganina, mai aikin biki da hoton shago ba ya buƙatar fiye da biyu a farkon tafiya: 32-64mm domin zaure da taron dangi, da 110mm domin fuskar amarya da ango. Wannan na biyun, idan aka buɗe ƙofar haskensa gaba ɗaya zuwa f/2, yana narkar da bayan mutum har ka rantse zane ne, amma a nan haɗarin yake, domin wurin da ke fitowa tas ya yi siriri ƙwarai, ido ɗaya ya fito ɗaya ya ɓace. Hoton mutum goma a sahu biyu sai an tsuke zuwa f/8 ko f/11, tsukewa kuwa tana cin haske.

Wannan ya kawo ni ga maganar da na fi so a saurara, wato filas da ranarmu. Mu mutane ne da ke aiki a tsakar gida da filin ɗaurin aure, ƙarƙashin ranar da ba ta da sassauci, inda hula da ɗankwali ke jefa inuwa a kan idanu. Kyamarorin GFX da ake canza wa gilashi, marufin haskensu, wato abin da ke buɗewa ya rufe lokacin ɗaukar hoto, yana cikin jiki, kuma ba ya tafiya daidai da filas idan saurinsa ya wuce 1/125 na daƙiƙa. Gilasan XCD na Hasselblad kuwa marufin yana cikin gilashin kansa, yana kuma bin filas har 1/2000 ko fiye, abin da ke ba mutum damar danne hasken rana da ƙaramar fitila. Wanda ya zaɓi Fujifilm sai ya sa kuɗin matatar rage haske a lissafinsa tun farko, ko ya sayi fitila mai ƙarfi irin ta Godox wadda ke jure saurin marufi, duk da cewa ƙarfinta yana raguwa a wannan hali. Wani sauƙi shi ne gilasan Fujifilm biyun da na ba da shawara bakinsu ɗaya ne, milimita 77, don haka matata ɗaya ta ishe su. Wanda kuma ya zaɓi Hasselblad ya sani cewa da zarar ya ɗaura baƙon gilashi da adafta, wannan falala ta tafi.

Sauran kayan ba su da kwarjini, amma su ke hana aiki lalacewa. GFX 100S da ta fito a 2021 tana ɗaukar megafikzel 102, hoto guda da ba a matse ba ya kai kusan megabayit 200, ma'ana katin gigabayit 64 bai wuce hoto ɗari uku da 'yan kai ba, kuma tsohuwar kwamfuta za ta yi ta jan ƙafa wajen gyara. Ana buƙatar batir na biyu da na uku saboda halin wutar lantarkinmu, da matokari mai ƙafa uku mai nauyi, domin ƙaramar rawar hannu da ba a gani a ƙaramar kyamara a nan fitowa take yi ɓaro-ɓaro. A lokacin hunturu kuma kada a canza gilashi a fili, saboda sansar a buɗe take babu madubi a gabanta, ƙura tana sauka kai tsaye.

Akwai aikin da ban ba da shawarar a kai ta ba. Ranar hawan Daushe, idan mahaya suka sako dawakai a guje a Ƙofar Kudu, ƙaramar kyamara mai saurin kama motsi ta fi ta amfani, ko da yake tun 2024 akwai gilashin 500mm na GFX. Inda take nuna bajintarta shi ne abin da ke tsaye yana jira: zaren aska takwas a ƙirjin babbar riga, zanen bangon tsofaffin gidajen Zariya da Kano, da tsofaffin rubuce-rubucen ajami irin waɗanda ake adanawa a Arewa House da ke Kaduna. Domin irin wannan aiki gilashin 120mm mai ɗaukar abu daga kusa shi ne zaɓina, a kan matokari, da fitila biyu ta hagu da dama, har a ga inda alƙalamin malami ya ƙara shan tawada a tsakiyar layi.

Na gode da wannan fili da aka ba ni.

Naku,
Wani mai ɗaukar hoto,
daga Kano.