Kowa zai iya haɗa filashin ɗora Windows da kansa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku domin in ja hankalin masu kwamfuta. Tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, jama'a suke ta kai kwamfutocinsu wurin masu gyara domin a ɗora musu Windows, wasu masu gyaran kuwa kwafin sata suke ɗorawa. Ni ma an taɓa yi mini haka, na rasa takardun aikina.

Alhali haɗa filashin ɗora Windows ba shi da wuya. Mutum ya sami filashi mai aƙalla 8GB, ya sauke fayil ɗin ISO (wato kwafin Windows a fayil guda) daga shafin Microsoft, sannan ya rubuta shi a filashin da manhajar Rufus, wadda kyauta ce. Amma ya fara kwashe kayansa daga filashin, domin Rufus yana goge duk abin da ke ciki. Inda aka fi yin kuskure shi ne zaɓin tsarin filashin a Rufus, domin tsarin GPT ne ya dace da kwamfuta mai UEFI, tsarin MBR kuma da tsohuwa mai BIOS (UEFI da BIOS su ne manhajojin da ke tayar da kwamfuta idan an kunna ta). Idan zai kunna kwamfutar, ya danna F12 a Dell ko F9 a HP, ya zaɓi filashin, kuma batirinsa ya kasance cike saboda ɗaukewar wuta.

Naku,
Mai karatu daga Zariya