Wasiƙa zuwa ga ɗana a kan kwale-kwalensa na roba

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Mu nan Kano lafiya lau, sai zafi da ya sako mu gaba.

Hoton da ka turo wa ƙanwarka ya iso hannuna, na gan ka zaune cikin wani siririn kwale-kwale ja a bakin tafkin Ontariyo, riƙe da filafili mai baki biyu. Mahaifiyarka da ta gani sai da ta yi salati, ta ce me ya kai ɗan Kano tsakiyar ruwan Kanada. Na ce mata ta bar ka, namiji ne. Amma ni abin da idona ya tsaya a kai shi ne hoto na biyu, inda na ga ka jingine abin a jikin katangar bayan gida, rana na dukansa. Ka kuma tambaya ko maganin feshin kare roba daga rana da mai kanti ya tallata maka yana da amfani ko cin kuɗi ne kawai. To, ka kawo tambaya inda ake amsa ta, don ka san da roba na ci da ku na tufatar da ku.

Wannan kwale-kwalen naka, da ake kira kayak, ɗan'uwan tankin ruwan da ke kan soron gidanmu ne. Roba ɗaya ce, wadda ake kira foliyetilin, kuma hanyar ƙirar ɗaya ce da wadda muka yi ta yi a masana'anta a Sharaɗa: a zuba garin roba cikin mazubi, a rufe, a tura cikin wuta yana jujjuyawa har garin ya narke ya bi bango, sannan a bari ya huce. Tun 1973 aka fara yin kayak ta wannan hanya. Kafin nan, masu abin na asali, mutanen Inuwit na can arewacinku, da fatar dabbar ruwa suke lulluɓe ƙashin jirgin, kuma su ma sukan shafe fatar da kitse lokaci-lokaci don kada ta sha ruwa. Ka ga shafa wa kayak mai ba yau aka fara ba.

Ita wannan roba ba ta tsoron ruwa, ba ta tsatsa, gara ba ta cinta, ka buga ta da dutse ta lotsa ta dawo. Abokiyar gabarta ita ce rana. A cikin hasken rana akwai wani ɓangare da ido ba ya gani, wanda ake kira UV, shi ne ke tsinka zaren da roba ta ginu a kansa, a hankali, daga sama yana shiga ciki. Da farko launi ne zai koɗe. Daga nan in ka shafa hannu sai ka ga wani farin gari kamar alli ya biyo tafinka. Ƙarshe sai ta bushe ta yi gautsi. Ka tuna kujerun robar da muka bari a tsakar gida bayan bikin yayarka? Shekara ba ta yi nisa ba baƙo ya zauna a ɗaya, ƙafarta ta karye kamar rake. Ita kuwa wadda ke falo, da aka saya rana ɗaya da su, har yau muna zama a kanta.

Dalilin da ya sa galibin tankunan ruwa baƙaƙe ne ke nan. Ana zuba wa robar wani baƙin gari ɗan'uwan gawayi, kamar kashi biyu cikin ɗari, shi ke shanye hasken kafin ya yi ɓarna. Naka ja ne. Masu ƙera shi sun zuba masa nasu sinadarin kariya tun a cikin gari, amma wannan sinadari yana ƙarewa da shekaru, kuma a iya abin da na gani a wurin aiki, jan launi yana cikin masu saurin koɗewa. Kada kuma sanyin garinku ya ruɗe ka, don UV ba ruwansa da zafi ko sanyi, yana ratsa gajimare, ruwa da ƙanƙara ma suna maido shi.

Saboda haka feshin yana da amfani, ba ƙarya mai kanti ya yi maka ba. Wanda ka ambata, 303, sananne ne a wurin masu jiragen ruwa, kuma aikinsa shi ne ya shimfiɗa wani siririn mayafi da zai karɓi dukan rana a madadin robar. Sai dai ka san iyakarsa. Mayafin yana wankewa, ruwa na cinsa, yashi na goge shi, don haka in kana shiga ruwa a kai a kai sai ka sake shi kusan duk wata. Kuma ba ya tayar da matacce. Robar da ta riga ta yi gautsi, in ka fesa mata za ta yi sheƙi ta yi kyan gani, amma ƙarfin da ya tafi ya tafi. Wannan ka riƙe shi ko don ranar da za ka sayi na hannu: kada ƙyalli ya ja ka, ka danna jikin da babban yatsa, ka leƙa ciki inda rana ba ta kaiwa ka gwada launin da na waje.

Yadda za ka yi kuwa, ka fara da wanki. Ruwa da sabulu mai laushi da soso sun isa. Kada ka kusance shi da fetur ko kananzir ko tina, ko da kwalta ce ta manne. Ka bari ya bushe sarai a inuwa, don wanda ya yi feshi a kan datti ya rufe dattin ne kawai. Sannan ka fesa kaɗan, ka bi da tsumma ka baza, ka ɗauko wani busasshe ka goge har ya daina danshi. A nan mutane ke kuskure, su malala shi su tafi wai ya bushe da kansa, sai ya bar zane-zane ya riƙa kama ƙura, ragowar kuma ya wanke cikin tafkin da kifi ke sha. A gida za ka yi wannan aiki, ba a bakin ruwa ba. Kuma ka tsallake wurin zama da matakin ƙafa da inda kake riƙe filafili, saboda yana sa santsi, santsi kuwa a cikin jirgi ba abin wasa ba ne. Murfin robar nan mai laushi na ma'ajiyar kaya, shi ne ya fi kowa buƙata, don shi ke fara tsagewa.

Amma in gaya maka gaskiya, da za a ce in zaɓa maka tsakanin kwalbar feshi goma da inuwa, inuwa zan zaɓa. Ka shigar da shi gareji. In ba wuri, ka yi masa rumfa da tamfol, ka ɗaga ta yadda iska za ta ratsa, kada ka naɗe shi kamar gawa ya yi ta gumi a ciki. Ka kwantar da shi a gefensa, ko ka rataye shi da faffaɗan maɗauri biyu, amma ba ta hannayen ɗauka na gaba da baya ba, don nauyinsa zai lanƙwasa shi. Haka in ka ɗora shi a kan mota, kada ka ja igiya da ƙarfin tuwo ka bar shi cikin rana, cikinsa zai lotsa. In hakan ta faru, ruwan zafi a kan lotsawar yakan dawo da ita. Tsaga ce ba ta da daɗi, saboda gam na yau da kullum ba ya kama foliyetilin, sai dai walda da zafi da ɗanyar roba irinta.

Sauran kayan kowanne da maganinsa, kada ka ɗauki kwalba ɗaya ka bi su da ita. Rigar ruwan sama da tanti suna da nasu feshin mai sa ruwa ya dunƙule ya gangara, kuma shi ma sai an wanke ake sawa. Tanti kada ka taɓa naɗe shi da danshi, zai yi fumfuna, rufin cikinsa ya yi danƙo ya ɓare. Maganin sauro mai ɗauke da sinadarin DEET yana narkar da wasu robobi, ka wanke hannu kafin ka taɓa tabarau ko agogo.

Akwai kuma doka, kada ka jawo wa kanka tara a ƙasar mutane. A Ontariyo tun farkon 2022 wajibi ne ka tsiyaye ruwan jirgi ka cire ciyawa da duk wata halitta da ta maƙale kafin ka kai shi wani ruwan, saboda wata 'yar ƙaramar katantanwa mai zane da aka fara gani a tafkin Sent Kilya a 1988 ta addabe su, tana toshe bututun ruwa.

Sai rigar ceto. A hoton na hange ta a ɗaure a bayan jirgi, ba a jikinka ba, mahaifiyarka ce dai ba ta lura ba, ni kuma ban nuna mata ba. Dokar Kanada ta ce kowane mutum da tasa, da usur, da igiya mai yawo a kan ruwa ta mita 15, da abin kwarfe ruwa. Ni kuma na ce a jiki. Ba ka manta da Ɓagwai ba a ƙarshen 2021, yadda jirgi ya kife da yara 'yan makaranta, har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Ruwanku kuma sanyinsa kaɗai yana ɗauke numfashin gwanin iyo. Ita ma rigar rana na cin yadinta da maɗaurinta, don haka ka ɗauraye ta, ka shanya a inuwa, ka riƙa jan maɗaurin da ƙarfi kana gwadawa. Ranar da ka ga ta koɗe ko ɗinki ya fara saki, ka sayi sabuwa, feshi ba ya gyara wannan.

Ka turo mini hoton inda ka mayar da jirgin. Mahaifiyarka na gaishe ku, ta ce a tambaye ka ko yajin da ta aika ya iso. Ka gai da maiɗakinka, ka shafa mini kan yara. Allah ya tsare, ya yi muku albarka.

Ni ne,
Mahaifinka.