Wasiƙa zuwa Yola: kada kowa ya taɓa giyar nan sai ka karanta

Kano, daren Laraba.

Mutumina Bazazzagi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da uwargida da yara, da kuma amaryar ƙarfen da ta sa ka tuna ina raye. Rabon da in ji ɗuriyarka tun sunan 'yar Dogo. Sai ga saƙon murya na minti tara, babu ya iyali, babu ya jikin Hajiya, kai tsaye ka faɗa zancen akori-kura. Allah ya shirye ka. Hajiya da sauƙi, tunda ba ka tambaya ba.

Na saurari saƙon sau biyu. Ga abin da na tsinta: Tacoma ce ta 2008, 'yar Kwatano, silinda shida, inji 4.0, otomatik, mai jan taya huɗu. Da safe tana ɗan jinkiri kafin ta karɓi D, giyar tafiya gaba, tana kuma karkarwa kaɗan in ka daidaita gudu a hanyar Numan. Bakanikenka ya ɗaga bonet ya nemi sandar awon man giya har ya gaji, ya ce tunda babu sanda ai ba a canza man, in kuma ka matsa zai sayo jan mai a bakin titi, ya san inda zai ɗura. Wannan maganar ta ƙarshe ce ta sa na zauna rubutu, don na san ka, in na faɗa maka a waya rabi za ka riƙe, rabin ma a juye.

Sandar ba ɓacewa ta yi ba. Giyar motarka A750 ce mai canji biyar, kuma haka Toyota ta ƙera ta. Noti uku ne suka maye gurbin sandar. Na farko na zubarwa, a ƙasan tasar giya, sifana lamba 14. Na biyu shi ma a ƙasan tasar yake, alanki lamba 5, ƙarfen nan mai kusurwa shida da ake zurawa cikin kan noti, ke buɗe shi, shi ne na awo. Na uku na ɗurawa, lamba 24, yana sama a gefen giyar ta ɓangaren fasinja, can wajen baya, an buga WS a kansa. Ka goge ƙura ka ga haruffan nan biyu da idonka, saboda akwatin da ke raba ƙarfi zuwa tayoyin gaba yana nan kusa, shi ma notinsa 24 ne, kuma ana samun masu ɗura man giya a can su bar giyar da yunwa. Haka notin baƙin man inji shi ma 14 ne. Yaron gareji mai sauri yana iya zubar da na giya yana zaton na inji ne.

WS ɗin nan shi ne sunan man. Toyota ATF WS, shi kaɗai. Ba T-IV ba, wanda tsofaffin Toyota masu sanda ke sha, ba kuma Dexron ba. Dukkansu jajaye ne, abin da ke ruɗar mutane ke nan, amma WS ya fi su tsinkewa, kuma da shi aka daidaita yadda farantan kulocin ciki ke kamawa da saki. Ka zuba wani, motar za ta tashi ta tafi, sai bayan watanni ka fara jin duka wajen canjin giya, ka ce sammu aka yi maka. Ka sayi wanda bakinsa ke a rufe, kada ka karɓi na awo daga buɗaɗɗen galan, don man nan yana zuƙar laima daga iska. Jabu ma ya yi yawa. In ba ka yarda da na Jimeta ba, ka yi magana in saya a nan in sa maka a mota. Lita huɗu ta isa zubi ɗaya har da ragowa.

Sauran kayan: sababbin washa biyu na notin zubarwa da na awo, zoben roba na notin ɗurawa, ƙaramin famfon hannu mai tiyo, roba mai faɗi ta tarar mai, da jarka mai layin lita. In babu famfo, dogon tiyo mai tsabta da mazurari sun wadatar, ka zuro tiyon daga wajen inji ya sauko bakin ramin. Tsabta nake jaddadawa. Mazurarin da aka zuba baƙin mai da shi jiya ba zai yi ba, kuma ka goge kewayen kowane noti kafin ka buɗe, ƙurar garinku ba ta da kunya.

Ka tsayar da motar a daɓe mai daidai, ba gangaren ƙofar gidanka ba, ka ja hambirki, ka sa dutse gaba da bayan taya. Tacoma tana da tsayin da mutum zai shige ƙasanta ba jak, kodayake ban ga tumbinka ba tun bara. Kada ka ɗaga gaba kaɗai, awon zai yi maka ƙarya.

Notin ɗurawa za ka fara kwancewa, kafin komai. In ka zubar da mai sannan ka tarar na saman ya ƙi motsi, ka zauna da mota ba mai, ba kuma hanyar zuba shi. Ya kwance, sai ka buɗe na zubarwa. Abin da zai fito kusan lita uku ne, alhali duk giyar tana ɗauke da sama da lita goma. Ragowar tana cikin kwanbata, tukunyar nan da ke tsakanin inji da giya, da cikin tiyo da lagireto. Ka juye abin da ya fito cikin jarkar awo ka rubuta adadin a takarda. Ka mayar da notin da sabuwar washa, ɗaurinsa 20 ne a ma'aunin ƙarfin ɗaure noti da ake kira Nm, wato ɗaurin hannu ɗaya da gajeren sifana, ba irin na yaran da ke taka sifana da ƙafa ba. Zaren tasar ba ya jure wulaƙanci.

Kafin ka zubar da tsohon, ka ɗiga shi a farar takarda ka kuma shinshina. Ja ko ruwan ƙasa mai haske, alhamdulillahi. Ya yi duhu amma babu ƙauri, ya tsufa ne kawai, canji zai taimaka. Baƙi mai ƙaurin ƙonannen tuwo, ko kana ganin ƙyalli-ƙyallin ƙarfe a ciki, to farantan sun riga sun ci wuta, sabon mai ba zai mayar da abin da ya cinye ba, ka fara tara kuɗin gyara. In kuwa ya fito kamar an dama madara da zoɓo, ruwa ne ya shiga, ko lagireto ya fashe ta ciki ya haɗa ruwa da mai, ko ka tsunduma ta cikin ambaliyar da kuke fama da ita duk damina a bakin Binuwai. Wannan kada ka ƙara tuƙa ta ko zuwa masallaci.

Af, tun ban manta ba. Dogo ya ƙara aure. Eh, ita ɗin dai. An ɗaura ranar Juma'ar da ta wuce, Baba Ƙarami ne waliyyi, ya sha babbar riga har tana jan ƙasa, kuma bai yi wa kowa zancen filin nan ba, abin da ya ba jama'a mamaki fiye da auren. An tambaye ka, na ce kana can kana renon mota. Mai shayin kwanarmu ma ya tashi, wai hayar ta fi ƙarfinsa, yanzu majalisa ta koma gindin darbejiyar gidan Liman, inda ba mai iya ɗaga murya. Bashinka na kofi goma sha ɗaya yana nan a littafinsa, ya ce in gaya maka bai yafe ba.

To, ɗurawa. Ka zuba daidai abin da ya fito, ka ƙara kamar rabin lita a kai, ka rufe notin sama. Da gangan za ka yi ƙarin, don awon giyar nan da ambaliya ake yin sa. A cikin tasar, bisa notin alankin nan, akwai ɗan bututu a tsaye. Duk man da ya haura bakin bututun shi ne rara, shi zai zubo in ka buɗe. Sai dai mai yana kumbura in ya ɗumama, saboda haka tsayin nan ba ya zama gaskiya sai a wani zafi ƙayyadadde. A nan ne yawancin masu yi da kansu suke ɓata aikin. Ka auna da sanyi, man bai kumbura ba, ka bar rara a ciki, ƙarafan da ke juyawa su yi ta bugunsa har ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta riƙe matsi, giya ta riƙa zamewa tana zafi. Ka auna ya yi zafi da yawa, ka zubar da wanda ake bukata, in ya huce famfon ciki ya riƙa zuƙar iska, ka dawo kan jinkirin nan na safe, ko ma fiye.

Littafin gyaran motar ya ba da digiri 46 zuwa 56, wasu takardun Toyota na irin giyar nan kuma 36 zuwa 46. Ka nufi 46, inda biyun suka haɗu. Hanya mafi sauƙi ita ce ɗan na'urar nan da ake soka wa a soket ɗin ƙarƙashin sitiyari, mai turo bayani waya, muddin tana karanta zafin man giya, don ba duka ke yi ba. In babu, motar da kanta tana faɗa. Inji a kashe, ka haɗa rami na 4 da na 13 na soket ɗin da guntuwar waya. Ka ƙirga da kyau da tocila, ka tabbatar ta ina lambobin suka fara, don na 16 wutar batir ce kai tsaye. Ka tayar da inji, fitilun gaban direba za su yi ta ƙiftawa, kada ka tsorata. Ƙafa a kan birki, ka bi da sandar giya kowane matsayi a hankali daga P har L, ka dakata daƙiƙa biyu ko uku a kowanne don mai ya zaga, ka dawo. Sannan ka yi ta kai ta N da D da sauri-sauri na aƙalla daƙiƙa shida, har fitilar A/T OIL TEMP ta kama na daƙiƙa biyu ta mutu. Ka koma P, ka zare wayar, ka kashe na'urar sanyi, ka jira. In fitilar ta kama ta tsaya, lokaci ya yi. In ta fara ƙiftawa, ka makara, sai ka kashe motar ta huce.

Kai da kake Yola, wannan jiran ba zai yi tsawo ba. A bazara zafin rana kaɗai yana haura 40, motar da ta wuni a waje ta kusa kai awon tun ba a tayar da ita ba. Ka yi aikin bayan sallar asuba, motar ta kwana ba a taɓa ta ba, alankin yana hannunka tun kafin fitilar ta kama. Na san tashin asuba ba gadonku ba ne, amma ka daure.

Inji yana aiki za ka buɗe notin awo. Kada ka kashe. In ka kashe, man da ke cikin kwanbata da hanyoyin sama zai gangaro tasa, ka ga yana bulbulowa ka ɗauka rara ce, ka zubar da lita guda ta halal. Ka kula da salansa, tana kusa da gwiwar hannunka. Mai zai fara zubowa da ƙarfi, ya rage, ya koma siririn zare. Nan za ka rufe, da sabuwar washa, ɗauri 20. Kada ka jira ya ɗauke ƙaf. In ka buɗe ba abin da ya fito sai 'yan ɗigo, man bai kai ba, ka rufe, ka ƙara ta sama, ka sake. Notin ɗurawa kuma ɗaurinsa 39.

Tunda zubi ɗaya bai kai kashi ɗaya bisa uku ba, ka yi tafiyar mako guda ka maimaita, ka sake maimaitawa. Sau uku zai sabunta kusan kashi biyu bisa uku, a hankali, ba tare da girgiza giyar ba. A ganina wannan ya fi injin wanke giya da ake tallatawa, musamman ga motar da ba wanda ya san tarihinta daga Amurka zuwa Kwatano. Maganar cewa ba a canza man har abada kuwa, ita Toyota ɗin ta ce mai jan kaya ya canza a mil 60,000, kusan kilomita 96,000. Buhunan masarar da kake lodawa daga gona da zafin garinku sun sa ka a wannan layin.

Sauke tasar gaba ɗaya ka bar shi sai zubin farko ya nuna datti. Ƙananan kusoshi 20 ne masu lamba 10, akwai matata da maganaɗisu a ciki. Laushin toka-toka a jikin maganaɗisun ba komai ba ne, ɓarɓashi mai kaifi shi ne abin tsoro. Kusoshin ɗaurinsu 4.4 kacal, da yatsu uku ake yi, a bi su a gicciye, da sabon gasket. Suna karyewa kamar alawa.

Kuma don Allah kada ka yi aikin nan ana gobe za ka taho bikin Sallah, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka ba ta kwana biyu tana zagaya gari, kana leƙa ƙasanta kowace safiya ko akwai ɗigo. In karkarwar ba ta ragu ba bayan zubi na biyu, ka turo mini hoton takardar da ka ɗiga man.

Akwai wata tambaya da ka yi a ƙarshen saƙon, ta taya ce ko ta kuɗin makarantar babban yaron, ta shige mini, kuma ba zan sake sauraron minti tara ba. Ka sake turowa a gajarce. Ka gaida uwargida, ka ce mata yajin da ta aiko ya ƙare tun azumi. Dogo ya ce gudummawarka ba ta iso ba.

Naka,
Bakanon da ya fi ka sanin mota