A bar wa rauta ƙofa ta biyu: modem da wayar girke

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mu yi magana da masu kula da na'urorin sadarwa na ma'aikatu, bankuna, asibitoci da makarantu a jihar Maraɗi, musamman masu rassa a Tasawa, Dakwaro, Mayahi, Gidan Runji da Madarunfa.

Rauta, wato na'urar da ke haɗa kwamfutocin ofis da intanet ko da hedkwata, yawanci ana shigarta daga nesa ta kan layin da ita kanta take ɗauke da shi. Ranar da layin ya yanke, ko aka rubuta umarni guda ba daidai ba ya toshe hanya, an rufe ɗaki ke nan makulli na ciki. Sai ofis ya zauna jiran mai gyara daga Yamai, tafiyar sama da kilomita 600, saboda aikin minti biyar. Wannan asara tana damunmu, domin maganinta yana nan a bayan rautar: wata kafa da aka rubuta wa AUX, wadda a ofisoshi da yawa ƙurar hunturu ce kawai ke shigarta. In aka haɗa ta da modem, wato na'urar da ke aika bayanan kwamfuta ta layin tarho, da layin wayar girke, sai a kira rautar kamar yadda ake kiran mutum a tarho, ko da intanet ya mutu murus.

Kayan aikin ba su da yawa. Ana bukatar modem na waje mai kafar siriyal, irin su US Robotics, da kebul ɗin nan mai faɗi launin shuɗi-shuɗi da ke zuwa da rautocin Cisco, mai kan RJ-45, wanda wayoyinsa takwas suke a juye, ta 1 ta koma ta 8. Sai mahaɗi daga RJ-45 zuwa DB-25 wanda aka buga wa kalmar MODEM a jiki. A duba wannan rubutu da kyau. Mahaɗin da aka buga wa TERMINAL na kwamfuta ne, kuma bambancin ba a fuska kawai yake ba: na modem yana kai wa rauta alamar ƙafa ta 8 ta DB-25, wadda ke shaida cewa kira ya haɗu ko ya katse. Kebul ɗin intanet na yau da kullum yana shiga ramin daidai, amma ba ya aiki.

Wasu za su ce ai ga kafar CONSOLE, wadda ake haɗa kwamfuta da ita kai tsaye don saita rauta, me ya sa ba za a sa modem a can ba? Saboda ita ba ta sanin an ajiye waya. In kira ya tsinke mai gyara yana ciki, zaman nasa yana nan a buɗe, kuma duk wanda ya bugo lambar bayansa zai faɗo tsakiyar rautar ba tare da an tambaye shi kalmar sirri ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Abin da CONSOLE ta fi AUX da shi biyu ne: tana nuna saƙonnin lokacin da rauta ke tashi, kuma ta nan ake ceto rautar in an manta kalmar sirri. Wannan aiki ne na wanda ke tsaye gaban na'urar.

A kan rautar, da farko a yi sunan mai shiga da umarnin username tare da secret, wato kalmar sirrinsa, a kuma sa enable secret. Sannan a shiga line aux 0 a rubuta login local, modem inout, speed 38400, flowcontrol hardware, stopbits 1, transport input telnet, da exec-timeout 5 0, wanda ke korar mutum in ya yi minti 5 bai taɓa komai ba. Tsofaffin rautocin Cisco na jerin 2500 iyakar gudun AUX ɗinsu bit 38400 ne a daƙiƙa. Na jerin 2600 da waɗanda suka biyo baya suna kaiwa 115200. Mu dai 38400 muka fi so. Modem biyu da ke kiran juna ta layin tarho ba sa wuce 33600, komai 56K da aka rubuta a kwali, domin wancan gudun sai ɗaya ɓangaren yana kan layin dijital na kamfani. Kuma haruffa ne kawai ke wucewa, ba hoto ba.

Sai a juya ga modem ɗin, kuma a nan ne aka fi yin tuntuɓe. Ana yi masa magana daga cikin rautar. A rubuta show line a ga lambar layin AUX, a ƙara mata 2000, a yi telnet zuwa adireshin rautar da wannan lamba. A yawancin na jerin 2500 lambar 1 ce, wato 2001. A 2600 kuwa 65 ce, wato 2065. A rubuta AT, ya amsa OK. In US Robotics ne, a ba shi AT&F1S0=1&C1&D2&B1&W. Kowane gutsure da aikinsa. &F1 yana mayar da shi saitin masana'anta mai tsayar da bayanai ta waya in sun yi yawa. S0=1 ya ce ya ɗauki kira a ƙara ta farko. &C1 ya hana shi cewa akwai kira alhali babu. &D2 ya sa ya ajiye waya da zarar rauta ta sallami mai kira. &B1 ya ɗaure gudun da ke tsakaninsa da rauta wuri guda, &W kuma ya adana duka don kada ɗaukewar wuta ta shafe su. A kula, modem yana riƙe gudun da aka yi masa magana da shi ne lokacin adanawa, shi ya sa ake sa speed tukuna. Wanda ya canza gudu daga baya bai sake adanawa ba, zai kira ya ga CONNECT, sannan allo ya cika da haruffan da ba su da kai ba su da gindi. Wasu modem na wasu kamfanoni &K3 suke so don tsayar da bayanai, alhali a US Robotics harafin &K na matse bayanai ne, don haka a duba takardar na'urar kafin a kwafi umarnin wani.

Akwai kuma ƴan maɓallai takwas a jikin US Robotics. Daga kwali, na 3 da na 5 da na 8 suna ƙasa, kuma na 5 in yana ƙasa modem ba zai ɗauki kira ba. A ɗaga shi, fitilar AA ta kama. Na 7 ya zauna a sama, in ba haka ba duk sanda wuta ta dawo sai ya watsar da abin da aka adana ya koma na masana'anta. Don fita daga modem a koma rauta, a danna Ctrl da Shift da 6 tare, a saki, a danna x, a rubuta disconnect. Daga nan a mayar da modem inout ya zama modem dialin, a sa transport input none, a adana da copy running-config startup-config.

Gwaji daga wani layi ake yinsa, da wani modem da manhaja irin Tera Term ko PuTTY: ATDT sai lambar mai alƙaluma 8. In layin yana bi ta na'urar raba kira ta ofis, a sa lambar fita waje da waƙafi kafin lambar. In ya ce NO DIALTONE alhali tarho na aiki, a ba shi ATX3 ya buga ba tare da sauraron sautin layi ba. In yana ta ƙara ba a ɗauka, a dubi fitilun AA da TR na modem. TR a mace yana nufin kebul ne, ko mahaɗi, ko an manta umarnin modem a layin. Umarnin show line aux 0 ya kamata ya nuna noDSR lokacin da babu kira. In ya nuna DSR babu kowa a layi, &C1 bai zauna ba ko mahaɗin ba na modem ba ne.

Sauran abin na ƙasarmu ne. Wutarmu 220 ce, modem ɗin gwanjo da ya fito daga Amurka kuwa cajarsa ta 110 ce, sokawa ɗaya ta ƙone. Modem da rauta su sha wuta daga UPS guda, akwatin batir ɗin nan, domin ba amfanin ƙofar da ke rufewa tare da ɗaukewar wuta. Da damina tsawa ta wayar tarho take biyowa, ta kashe modem, wani lokaci har da kafar AUX, don haka a sa abin kariya a kan layin tarhon shi ma. In ADSL, wato intanet ta wayar girke, na kan layin, modem ya bi ta bayan matatar da ke raba shi da tarho. Layin kuma ya zama na jan ƙarfe na gaske, irin na Niger Telecom, kamfanin da aka kafa a 2016 da haɗewar Sonitel da SahelCom. Akwatin tarho mai SIM ko kiran da ke bi ta intanet yana matse murya, matsewar kuwa tana lalata sautin modem. Inda babu jan ƙarfe, kamar yawancin ƙauyukanmu, ko rautar sabuwa ce marar AUX, sai a nemi ƙaramar na'urar 4G mai kafar siriyal, da SIM na kamfanin da ba shi ke ba ofis intanet ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. A riƙa kiran rautar sau ɗaya a wata, a biya kuɗin layin a kan lokaci, kada a haɗa shi da fakis, kada a rubuta lambar a allon ƙofa. Kafin kowane canji mai haɗari daga nesa, a rubuta reload in 10 kuma kada a adana: in hanya ta toshe, bayan minti 10 rautar za ta sake tashi da tsohon saitinta, in komai ya tafi daidai a rubuta reload cancel sannan a adana.

Wassalam,
Wasu ma'aikatan sadarwa, Maraɗi