Takardar koke zuwa ga Mai Martaba Sarkin Tawa game da rabon kayan sana'a na matasa

Daga malaman sana'a, da iyayen yara, da wakilan fadojin samari na unguwannin Wadata, Geben Zogi, Kurfayawa da Bilbis

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, uban ƙasa, garkuwar talakawa. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nisan kwana. Muna durƙuso muna neman afuwa kafin mu buɗe baki, domin maganar da muka kawo ba mai daɗin ji ba ce. Da akwai wata ƙofar da ba mu ƙwanƙwasa ba, da ba mu ɗago ta har fada ba.

Sarki ya san ƙungiyar agajin nan ta ƙasar waje da ke koya wa matasa sana'a da dabarun kasuwanci, wadda ta ce tana yaƙi da talaucin matasa a ƙasashe da dama. Da ta zo garin nan mun karɓe ta hannu bibbiyu. Mu muka ba da shagunanmu, mu muka lallashi iyaye. Ƙasa irin Nijar, da wajen rabin mutanenta ba su kai shekara 15 ba, ba ta raina mai koya wa ɗanta neman halak.

Abin da ya faru makon jiya shi ya tashe mu. An yi bikin yaye ɗalibai, an kafa rumfuna, an ɗauki hotuna. Da aka zo kiran sunayen masu karɓar kayan fara aiki, sai ga sunayen da ba mu taɓa ji ba. Yaran da suka yi wata shida suna zuwa kullum, waɗanda walda ta ƙona wa hannu, allura ta soke su, suna tsaye a rana suna kallo, wasu da ko sau ɗaya ba su taka shagon koyo ba suna ɗaukar kwalaye. Takardun kiran suna na kowace rana suna hannunmu, da dangwalen yatsan kowane yaro. Mun haɗo kwafinsu da wannan takarda, tare da jerin waɗanda aka kira, a gwada a gani. Ranar Lahadi kuma, ranar kasuwa, kwalayen nan suka fito da tambarin ƙungiyar a jiki, ko ɓare shi ba a yi ba, ana ciniki a rabin kuɗi. Ranka ya daɗe, wanda bai sha wuyar koyo ba, me zai yi da keke in ba sayarwa ba? Da yammacin ranar samari suka taru a ƙofar ofishin ƙungiyar, da ƙyar dattawa suka mai da su gida. Ba mu da tabbacin za mu iya tare su karo na biyu.

Waɗanda suka dace da samun kayan ma, kukansu bai ƙare ba. A nan muke roƙon Sarki ya yi haƙuri da mu mu yi bayani dalla-dalla, domin aikinmu ne.

Masu ɗinki an ba su kan keke kawai, ba tebur, ba ƙafa. Kan keke ba ya ɗinki a ƙasa. Babu almakashin yanka, babu dutsen guga, babu man keke, allura kuma lamba 14 kaɗai, wadda ke tafiya a atamfa amma ta karye ko ta riƙa tsallake zare in ta haɗu da shadda mai kauri, inda ake bukatar lamba 16 ko 18. Sannan an raba kayan bayan salla ta wuce. Kowane tela ya san kuɗin shekara a azumi da gabanin Layya ake samunsu. Yaron da ya buɗe shago bayan salla zai yi wata biyu yana facin wando, kuɗin haya na cin sa.

Na walda ya fi muni. Injin da aka raba ƙarami ne, yana jan sandar walda mai milimita 2,5, amma in aka sa masa mai 3,2, wadda ke son ampiya 100 zuwa 130, cikin ƴan mintoci ya yi zafi ya tsaya. A watan Afrilu da Mayu, da zafin garin nan ke haura digiri 40, ko ƙofa ɗaya ba zai gama ba sai ya huta sau da yawa. Babu injin yankan ƙarfe da gogewa, alhali rabin aikin ƙofa da taga yanka ne da gyaran baki. Babu safar hannu ta fata. Abin rufe fuska mai baƙin gilashi ma babu, an ba su tabarau irin na rana, kuma duk mai walda ya san yaron da ya yi wuni ɗaya da wannan tabarau ba zai yi barci ba daren nan, idonsa kamar an zuba yashi. Ba wanda ya tambayi inda za su jona injin. Siririyar wayar gida ba ta ɗaukar walda, za ta yi zafi ta narke, kuma yaro ɗan koyo ba shi da kuɗin injin wuta mai ƙarfin da zai ja ta.

Masu sola an haɗa musu faranti da batirin mota, ba na'urar da ke daidaita caji tsakaninsu. Batirin mota an yi shi don tayar da inji na ɗan lokaci ne, in ana zuƙe shi kullum har ƙasa, ƴan watanni ya mutu, mai gida ya ce yaron ne bai iya aiki ba, sunansa ya ɓaci tun bai kafu ba. Ko abin awon wuta, wanda shi ne idon mai wannan sana'a, babu a kwalin.

Wanda ya sayo kayan nan bai taɓa riƙe su ba, kuma bai tambayi mai riƙe su ba. Muna nan cikin gari, ba a neme mu ba.

Ba yau muka fara magana ba. Mun je ofishin, mun rubuta, an ce shugaba yana Yamai, an ce a jira masu ba da kuɗi, an yi zama an sha lemo an watse. Mun faɗa tun bara, mun faɗa tun kafin bara. Mun ce kada a sa horo a damina, yara suna gona daga Yuni zuwa Satumba, aka sa. Mun ce wata uku ko shida ba sa yin tela, ɗan koyo a wurinmu yana shekara biyu zuwa uku kafin a ba shi yadin mutane ya yanka, aka ce tsarin daga waje ya zo.

Darasin kasuwancin, wanda shi ne abin alfaharin ƙungiyar, kwana biyar aka yi shi a zauren otel, da Faransanci, ana haska rubutu a bango. Yawancin yaran nan makarantar allo suka yi, ajami suke karantawa, wasu kuma Tamajak ne harshensu. Sun karɓi kuɗin mota sun dawo. Abin da suke bukata ba shi da yawa, amma sai an zauna da su a shago: littafi mai gida uku, abin da ya shigo, abin da ya fita, bashin da ke waje. Yadda za a sa kuɗin aiki, a lissafa kaya da wuta da haya da lalacewar inji kafin a ce ga riba. Yadda za a karɓi kafin alƙalami, ko da rabi ne, kafin a sayo ƙarfe da kuɗin kai. Babbar matsalar kuwa ita ce raba uwar kuɗi da kuɗin cefane. Jarin yaro ba ɓarawo ke cinye shi ba, suna ne da biki da rashin lafiyar gida da bashin ƴan uwa da ba a iya tambaya. Matanmu sun daɗe da maganin wannan a asusun Mata Masu Dubara, da ya faro daga yankin Maraɗi a 1991: zubi kowane mako, akwati mai makulli, rance da wa'adi a gaban kowa. Ba sai an ɗauko gwani daga ƙetare ba.

Muna kuma mamakin yadda ƙungiyar ta zo yankinmu na Adar, ƙasar albasar Galmi, ta manta da albasa. Ajiya a rudu, wato rumbun albasa, daga lokacin cira, sa'ad da buhu ke araha, zuwa watannin da take tsada, sana'a ce sukutum: a bar albasa ta bushe wuyanta ya ɗaure, a tsince mai rauni, a ɗaga ta daga ƙasa iska ta ratsa, a riƙa dubawa ana fitar da ruɓaɓɓiya. Gyaran injin ban ruwa ma haka. Amma kowace shekara sai a ƙara mana teloli a unguwar da kowane lungu akwai tela.

Allah ya taimaki Sarki, Sarki ya fi mu sanin inda yaron Adar ke nufa in ya fid da rai. Da an gama girbi sai bida, wato tafiya neman kuɗi: Abijan, Najeriya, Libiya, Aljeriya. Tun da aka soke dokar 2015 ta safarar baƙin haure a ƙarshen 2023, hanyar Agadas a buɗe take. Waɗanda ake koro wa daga Aljeriya kuma a hamada ake sauke su, su taka wajen kilomita 15 zuwa Asamaka, garin kan iyaka na ɓangaren Nijar. Keken da aka sayar ranar Lahadi, kuɗinsa kuɗin mota ne. Yaran da aka hana kuma yanzu haka maganar tafiya suke a fadojinsu.

Don haka muke roƙo, Ranka ya daɗe, a kira shugabannin ƙungiyar gaban Sarki, da masu unguwanni da wakilin ma'aikatar magajin gari, a ajiye takardun kiran suna da jerin waɗanda aka kira a faɗi wanda ya sauya sunaye. Duk yaron da ya cika kwanakinsa a ba shi kayansa kafin ƙarshen kaka, kafin motoci su fara lodi. A cika abin da ya rage a kwalaye: ƙafar keke da tebur, abin rufe fuska, injin yanka, na'urar caji da batirin da ya dace. A hori ƴan kasuwa kada su sayi kaya masu tambarin nan, wanda ya saya ya kawo fada. Nan gaba kada a sayo ko ƙusa sai malaman sana'ar sun gani sun gwada a gaban jama'a. A bar kayan a shagon malami wata shida, yaro na aiki da su, sannan su zama nasa, da sa hannun uba ko waliyyi da mai unguwa. Masu walda a haɗa su huɗu-huɗu ko biyar-biyar a rumfa ɗaya mai wuta, in Sarki ya sa baki aka ba su fili. A yi darasin kasuwanci da Hausa da Tamajak. A tuntuɓi FAFPA, asusun gwamnati na tallafa wa koyon sana'a, da cibiyoyin koyon sana'a na CFM, tunda sun san tsarin koyo rabi a aji rabi a shago, yara su samu takardar shaidar da hukuma ta sani.

Ba mu ce a kori ƙungiyar ba, Allah ya sani. Akwai ma'aikatanta ƴan ƙasa da suka yi iya ƙoƙarinsu, kuma mun ga kunya a fuskarsu ranar bikin. Amma sunayen nan, Ranka ya daɗe, muna sake roƙo a fara da su. Mun ce wa samari su dakata har Sarki ya yi magana, sun ce sun ji, kuma Lahadi mai zuwa ma ranar kasuwa ce.

Allah ya ƙara wa Sarki imani da lafiya, ya kare masarauta.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
malaman ɗinki, walda da sola, iyayen ɗalibai da wakilan samari. Sa hannu da dangwalen yatsa suna a takardar da ke biye.